Yadda baƙo zai gane gidan abincin kirki a Kano

Tambaya: "Ni ɗan kasuwa ne, nakan zo Kano sarin kaya a Kantin Kwari duk bayan wata biyu, in yi kwana huɗu ko biyar. Ba ni da gidan ɗan'uwa a garin, a waje nake ci safe da rana da dare. Sau biyu ke nan ina komawa gida da ciwon ciki, na biyun ma a wani wuri mai tsada, mai sanyin esi da gilasai na ci. Ta yaya zan gane wurin da ya dace tun kafin in zauna?"

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Abin da za ka fara tambayar kanka a bakin kowane gidan abinci shi ne: wannan abincin, tun yaushe aka sauke shi daga kan wuta? Yawancin ciwon cikin da ake ɗebowa a waje daga nan yake tasowa, kuma esi da tayil ba sa amsa wannan tambayar.

Ga dalili. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci suna hayayyafa ne idan ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wato bai yi sanyin firji ba, bai kuma yi zafin da zai ƙona harshe ba. Idan suka samu yadda suke so, wasunsu kan ninka yawansu duk bayan minti 20. A wannan lissafin ƙwaya ɗaya ta haura 4,000 cikin awa huɗu. Shi ya sa ƙa'idar masana lafiyar abinci ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba firji, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. To ka tuna Kano a watan Afrilu, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40. Tukunyar da aka sauke da ƙarfe goma sha ɗaya, idan ba a kan garwashi take ba, kafin la'asar ta zama abin tsoro ko da ƙamshinta bai canza ba.

Daga nan za ka fahimci abin da ke ba baƙi mamaki. Matar da ke da tukunya biyu a rumfa, tuwo da miya iri biyu, wadda kafin ƙarfe biyu da rabi ta kankare ƙanzo ta kife tukwane, sau da yawa ta fi aminci a kan katafaren wurin da ya rubuta abinci kala arba'in a takarda alhali teburansa uku ne kawai ke da mutane. Kala arba'in ba a dafa su a take. An dafa wasu tun jiya, an sa a firji, an ɗauke wuta, an ta da janareta ko ba a tayar ba, an fito da su an ɗumama. Firjin da ke rufe ba ya riƙe sanyinsa fiye da kamar awa 4 idan wuta ta ɗauke, balle wanda ake buɗewa kowane minti biyar. Kwantai shi ne babban abokin gabarka, kuma wurin da ciniki ke gudu ba ya tara kwantai.

Saboda haka ranar farko ka je da tsakar rana, daga bayan azahar zuwa ƙarfe biyu da rabi, ka ga su waye ke ci. Idan ka ga masu shaguna, yaran kanti da kwanuka a hannu an aiko su, ma'aikatan banki, direbobin Adaidaita Sahu, har mai abincin tana kiran wasu da suna tana zuba musu ba tare da sun faɗi abin da suke so ba, wannan wurin kullum mutanen nan ke dawowa, kuma da ya taɓa kwantar da su da tuni labari ya zaga layin. Cunkoson tasha daban ne. A Unguwa Uku ko Na'ibawa fasinja ne ke cika benci, mutumin da zai ci ya hau mota, ba za a sake ganinsa ba, don haka mai abincin bakin ƙofa ba ta da abin da za ta yi asara. A tasha ka lura da inda direbobi da 'yan kamasho suke ci, galibi yana can ciki, bayan layin motoci.

Tambaya ma tana da salo. Idan ka ce wa mai shagon da kake sari a wurinsa, "Ina ne gidan abinci mai kyau?", don girmamawa zai tura ka wuri mafi tsada da ya sani, wanda shi kansa sai da baƙo yake zuwa. Ce masa, "Kai wurin wa kake aika yaro ya karɓo maka na rana?" Ka tambayi mutum uku a layuka daban-daban. Sunan da ya fito sau biyu, can za ka nufa.

Kowane abinci kuma da lokacinsa a Kano, wanda ya ci shi a kan lokaci ya rage haɗarin sosai. Koko da ƙosai da waina na safe ne, ka tsaya inda ake zuba ƙulli a tanda kana gani. Shinkafa da wake, garau-garau da ɗanwake na hantsi zuwa azahar ne. Tuwo na rana da na bayan magariba, girki biyu ne daban a gidan da ya san abin da yake yi. Tsire da balangu daga la'asar zuwa dare. Gurasa, wadda cikin birni wajen Jakara da Chediyar 'Yan Gurasa suka yi suna da ita, ita kanta busasshiya ce ba ta saurin lalacewa, abin dubawa shi ne ruwan da ake tsoma ta a ciki idan za a yi bandashe (jiƙaƙƙiyar gurasa mai ƙuli-ƙuli), da tumatir da albasar da aka yanka aka bari a buɗe. Wanda ya je neman shinkafa da miya ƙarfe biyar na yamma, ragowar ta rana zai samu.

Kafin ka ce a zuba, ba wa kanka minti biyar. Ka nemi wurin wanke hannu tukuna. Buta ko bokiti mai famfo da sabulu, ruwa yana zuba yana wucewa, shi ake so. Roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki, ruwan har ya yi fari da maiƙo, ta fi rashin wankewa illa. Daga nan ka saci kallon inda ake wanke-wanke. A wurin kirki za ka ga aƙalla baho biyu, na kumfa da na ɗauraya, na ɗaurayar kana hango ƙasansa, an kuma kife kwanuka a kan wani abu mai tsayi suna tsanewa. A wurin da ba na kirki ba baho ɗaya ne tun safe, ruwan ya koma kalar kunu, yarinya ta tsoma faranti ta fitar, ta goge da tsumman da ke kafaɗarta, shi ne kuma tsumman da ta goge tebur da shi yanzun nan. Wannan tsumman, wallahi, ya kwantar da mutane fiye da ƙuda.

Ka dubi hannun mai zubawa. Da mara take kwasar tuwo, da ludayi take ɗibar miya, da cokali mai yatsu take ɗauko nama? Ko kuwa hannun da ya karɓi kuɗi ya ba da canji shi ne ya koma ya tsamo tsoka? Gidan da ya ware mai karɓar kuɗi daban ya san aikinsa. Ka dubi farce, ka dubi ko akwai ciwo a yatsa da aka naɗe da ƙyalle, domin ƙwayar da ke zama a ƙurji da hanci tana zuba dafi a abinci, dafin da tafasa ba ta kashe shi. Ruwan girki kuma, yawancin masu abinci a Kano daga 'yan ga-ruwa suke saye, wannan ba laifi ba ne ga abin da za a tafasa, amma ka kalli jarkokin: idan cikinsu ya yi kore da gansakuka, da wannan ruwan ake ɗauraye farantinka. Idan rumfar a kan buɗaɗɗen lambatu take, ƙuda na tashi daga can suna sauka a kan nama, wuce kawai, ko da an ce miyarta ta fi ta kowa. A babban gidan abinci da ba ka ganin kicin, shiga banɗaki. Idan ba ruwa ba sabulu a wanda aka tanadar wa baƙi, ka san yadda na ma'aikata yake.

Shinkafa ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce aka fi raina haɗarinta. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona, tana da ƙwanso mai tauri da dahuwa ba ta fasa shi. Idan shinkafar ta dahu aka bar ta da ɗumi-ɗumi, sai ta farka ta yaɗu ta zuba dafi, kuma ko an sake turara shinkafar dafin yana nan. Alamarsa amai ne mai ƙarfi, awa ɗaya zuwa biyar bayan ci. Kular da masu abinci ke zuba shinkafa tana taimakawa a awannin farko, amma kowace buɗewa tana rage zafi, kuma idan ta yi rabi ta fi saurin hucewa. Ka tsaya a buɗe a gabanka. Idan tururi ya taso ya bugi fuskar mai zubawa, bismillah. Idan murfin ya yi gumi, ruwa na ɗiga, shinkafar ta dunƙule ba hayaƙi, nemi wani abu. Soyayyiyar shinkafa mai karas da hanta da koren wake ta fi kowacce saurin juyawa, dafa-duka na biye da ita.

Mafi yawan waɗanda suka ce "a wuri mai tsada na ci kuma na kwanta", idan aka bi diddigi, akwai salak a gefen farantin. Latas da kabeji da kokwamba ba sa ganin wuta. Wasu lambunan da ke kewayen birnin da ruwan rafin Jakara ake ba su, wanda ke kwashe dattin unguwanni, kuma ɗauraya ɗaya a baho ba ta isa. Ga bama da dafaffen ƙwai an cakuɗa tun safe, an ajiye a cikin gilashin da ba sanyi. A wurin da ba ka sani ba ka ce kada a sa maka salak. Shawarma ma haka: naman da ake yankowa daga jikin ƙarfe da zafinsa yana tururi ba shi da matsala, matsalar tana wurin wanda aka yanke aka tara a tire, da kabejin da miyar bamar.

Tuwo da miya, a ganina, shi ne abincin da ya fi dacewa da baƙo, saboda miya a kan wuta take zama kuma tuwo ana tuƙa shi ne a tafasasshen ruwa. Malmalar yau tana da laushi har ciki, zafinta na ratsa leda ko kwano. Ta jiya da aka turara bayanta na yin santsi, cikinta na da tauri, wani lokaci da ɗan tsami. Ɗumame ba haram ba ne, a gida ma ana marmarinsa, amma ya kasance ka san shi ka saya, kuma ya tafasa har tsakiya. A cikin miya, ta kuka da ta busasshiyar kuɓewa sun fi juriya. Taushe, miyar gyaɗa da agushi su ne masu saurin lalacewa da zafi. Ka dubi gefen tukunya: ƙananan kumfa suna tasowa alhali ba wuta a ƙasa, ko wani tsami-tsami da ba na yakuwa ba, miyar ta fara juyawa. Wasu kan ƙara yaji da dunƙule su rufe, don haka miyar da yajinta ya wuce misali har ba ka jin ɗanɗanon daddawa, ka yi mata kallon tuhuma. Manjan da ja ɗinsa ya yi ƙyalli kamar fenti, ya rina yatsa ya ƙi fita da sabulu, ana iya samun rini a ciki. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi a kan haka, kamar yadda ta sha gargaɗi kan masu jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don ganda da nama su yi saurin laushi. Wannan na biyun ido ba ya kama shi, kariyarka ita ce mai abincin da unguwa ta sani shekara da shekaru, wadda za ta iya gaya maka mahaucin da take saye a wurinsa.

Wurin mai nama, ka isa da wuri, wajen ƙarfe biyar zuwa bakwai, lokacin da tsinkayen farko ke kewaye da tukuba. Naman yau ja ne mai haske kafin a gasa, kitsensa fari, ƙuli-ƙulin jikinsa a bushe. Kwantan jiya ya yi duhu, ya ƙanƙance, an shafe shi da mai don ya yi sheƙi. Ko wanne ka zaɓa, ka ce a mayar maka kan wuta har ya yi ƙara, sa'an nan ka kalli katakon da za a yanka a kai. Idan a kansa aka yanka ɗanyen nama ko ɗanyar kaza, da wuƙa ɗaya, gashin ya tashi a banza. Kaza ka sa a tsaga ta wajen cinya: ruwan da zai fito ya zama fari, ba ja a jikin ƙashi. Kayan ciki da hanta sun fi tsoka saurin lalacewa, idan dare ya yi nisa ka bar su. Ka shinshina yajin, wanda ke warin rima ko ɗaci an yi shi da gyaɗar da ta yi fumfuna, kuma gubar fumfunar gyaɗa hanta take ci a hankali. Albasa da tumatir a yanka maka sabo. Idan da hali a naɗe maka a farar takarda, tawadar jarida na narkewa a cikin mai.

Mai soya kifi, doya, awara ko ƙosai, kaskonsa za ka duba. Man da ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, yana hayaƙi tun kafin a sa komai, an kwana ana juya shi. Yana sa ƙwarnafi da ɗacin maƙogwaro nan take, kuma ba abin da za a riƙa ci kullum ba ne.

Abin sha shi ne ƙofar da mutane suka fi barinta a buɗe. Mutum zai yi ta binciken abinci, sai ya kora da zoɓon da bai san inda aka haɗa shi ba. Zoɓo ana tafasa shi, amma ana sirka shi da ɗanyen ruwa, a zuba a gorunan da aka tsinto. Kunun aya ba ya ganin wuta sam, kuma cikin 'yan awanni yake tsami idan ba sanyi: gorar da ta kumbura, ko ta yi huci da ka murɗe murfin, ajiye ta. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, adana ta take yi, don haka ƙanƙarar da aka fasa aka jefa cikin abin sha daidai take da ruwan da aka yi ta da shi. Fura da nono, ka nemi wurin da ake damawa da kindirmo daga firji, ka kuma ga ruwan da ake ƙarawa. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan kayan sha da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Baƙo na kwana biyar ya tsaya a kan ruwan gora ko na leda mai lambar NAFDAC da kwanan wata, da shayin da aka tafasa a gabansa. Da damina, lokacin da kwalara ta fi yaɗuwa, wannan ya zama dole.

Idan za ka kai abokin ciniki babban wuri, irin na Nasarawa, Bompai ko Titin Gidan Zoo, inda ake samun girkin 'yan Lebanon da shinkafar Larabawa, ka tambayi mai kawo abinci, "Me aka fi saye a nan?" ka tsaya a kansa, ko ka zaɓi abin da dole sai an gasa ko an soya bayan ka nema. Jiran minti 20 alama ce mai kyau. Abincin da aka jera a tire, ka duba ko akwai wuta a ƙarƙashi kuma yana tururi. Ka tambaya tun farko ko farashin da ke takarda ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima, kada lissafi ya ba ka kunya a gaban baƙo. A ƙananan wurare kuma ka faɗi na nawa za a zuba, nama guda nawa, kafin ludayi ya shiga tukunya. A Sabon Gari akwai gidajen sakwara da amala masu kyau ƙwarai, na Yarbawa da na Ibo, sai dai wasu wuraren ana sayar da giya, kuma ba kowane nama ne yankan Musulmi ba. Tambaya a nan ba abin kunya ba ce, sun saba jin ta.

Abincin da ka sa aka ƙulle maka ka tafi da shi masauki, agogonsa na ci gaba da tafiya. Ka ci shi cikin awa ɗaya zuwa biyu. Wanda ya rage kada ka ajiye shi don safe a ɗakin da ba firji.

Sai batun ciwon da ka yi, domin wataƙila wurin da ka zarga ba shi ne mai laifin ba. Amai da ya zo cikin awa ɗaya zuwa shida, abincin ƙarshe ne, galibi shinkafa ko wani abu mai bama. Gudawa da murɗa da zazzaɓi kan ɗauki rabin yini zuwa kwana uku kafin su bayyana, ka ga ke nan na shekaranjiya ne ko kazar daren jiya. Taifot kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, sai ka koma gida ma tukuna. Ka riƙa tafiya da ƙunshin gishirin ORS biyu ko uku a jaka. Idan babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da kana amai. Kada ka fara da Flagyl da tetirasaikilin daga kemis, yawancin irin wannan gudawar ruwa take buƙata, kuma takan tsaya cikin kwana biyu. Amma idan ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ruwa ya ƙi zama a ciki, ko fitsari ya ɗauke, ko gudawar ta zama fara kamar ruwan wankin shinkafa tana zuba ba ƙaƙƙautawa, bar kayan sarin a shagon mai su ka tafi asibiti a wannan sa'ar, domin kwalara na iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin 'yan awanni.